Wa ke riƙe da makullin allo? Sharhi kan zaɓen laburaren ɗaukar hoton fuskar kwamfuta

Mai rubuta manhaja da ke son shirinsa ya riƙa ɗaukar hoton allon kwamfuta da kansa, ba sai wani ya danna maɓalli ba, yakan fara da tambayar da ta fi sauƙin yi: wane laburare ya fi? Laburare a nan shi ne tarin kod da wasu suka riga suka rubuta suka sake shi a fili, kowa na iya karantawa, ya gyara, ya ɗora nasa aikin a kai. A harshen Python kaɗai akwai Pillow da MSS da PyAutoGUI da pyscreenshot da DXcam. Masu Java suna da Robot tun shekarar 2000, masu Rust suna da xcap, masu aikin shafukan intanet kuma suna da Selenium da Puppeteer da Playwright da html2canvas. Kowanne ka buɗe takardar bayaninsa za ka tarar da layi biyu ko uku, ka kwafa, hoto ya fito. A kwamfutar wanda ya fara gwadawa kuwa yakan fito ɗin. Rigimar tana tashi ne ranar da aka kai shirin wata kwamfutar, hoton ya dawo baƙi ƙirin, ko ya fito da adon bango kawai babu taga ko ɗaya, kuma ba wani saƙon kuskure da zai faɗa maka abin da ya faru.

Abin da ke jawo haka shi ne babu laburaren da ke ɗaukar hoto da ƙarfin kansa. Ɗigogin da ke haɗuwa su zama abin da ido ke gani a allo suna hannun babbar manhajar kwamfutar, wato Windows ko macOS ko Linux, kuma laburare roƙonsu yake yi ta wata ƙofa da babbar manhajar ta tanada. Wasu ƙofofin tsofaffi ne, wasu sababbi, wasu ana kan rufe su yanzu haka. Don haka duk wanda zai yi zaɓi, a ganina, ya fara sanin ta wace ƙofa laburaren ke shiga da kuma ko za ta daɗe a buɗe, kafin ya dubi yawan taurarinsa a GitHub ko alƙaluman saurin da marubucinsa ya wallafa.

Kafin a kai ga ƙofa ma akwai rabe-raben da mutane da yawa ke tsallakewa. Hoton me ake so? Idan shafin intanet ne, to ba ruwan aikin da allon kwamfuta sam. Burauza ce ke zana shafin, ita ce kuma ta fi kowa iya miƙa hotonsa, ko da babu allo a jone da na'urar. Selenium shi ne dattijon wannan fage. Jason Huggins ya fara shi a 2004 a kamfanin ThoughtWorks don gwajin manhajoji, ɗaukar hoto kuma ƙari ne kawai a kan aikinsa. Bisa al'ada iyakar abin da tagar burauza ke nunawa yake ɗauka, sai dai ta hanyar Firefox ana iya samun shafin gaba ɗaya. Puppeteer na Google ya fito a 2017, shekarar da Chrome ya fara iya aiki ba tare da buɗe taga ba. Playwright na Microsoft ya biyo baya a 2020, yana tuƙa Chromium da Firefox da WebKit da umarni iri ɗaya, yana ɗaukar shafi tun daga sama har ƙasa, yana iya rufe wani yanki na shafin don kada sirri ya fita a hoto, yana kuma iya tsayar da abubuwa masu motsi kafin ya ɗauka. Ga wanda zai fara sabon aiki yau, Playwright nake ganin ya fi dacewa. Wanda kuma yake da tarin gwaje-gwajen Selenium da ke aiki lafiya, ba shi da dalilin rushe su saboda hoto kawai. Farashin Playwright shi ne nauyi: burauzocin da yake saukewa sun kai ɗaruruwan megabayit, wanda ke sayen data da kuɗin aljihunsa zai ji a jikinsa, ko da yake ana iya umartarsa ya sauke Chromium kaɗai.

Shi kuwa html2canvas, na Niklas von Hertzen, sunansa ya yi nisa amma mutane kan yi masa fahimtar da ba ita ba. Ba ya ɗaukar hoton komai. Karanta tsarin shafin yake yi, ya sake zana shi da hannunsa a cikin burauzar mai ziyara, kuma takardar bayaninsa ta faɗi hakan ƙarara. Duk salon adon da bai sani ba zai ɓace ko ya karkace, hotunan da aka jawo daga wani gidan yanar kuma dokar tsaron burauza kan hana su fitowa. Amfaninsa ɗaya ne, kuma babba ne: yana aiki a wayar mai ziyara ba tare da saba (wato kwamfutar da ke can nesa tana miƙo shafin) ba, shi ya sa ake yawan amfani da shi wajen maɓallin sauke rasit ko katin gayyata a matsayin hoto. A wannan ƙaramin aikin ya wadatar. Wanda ya ɗora masa tabbatar da ainihin yadda shafi ke fitowa a burauza ya ɗora masa abin da ba a gina shi dominsa ba.

Akwai wani tarko a nan da ya shafi mai rubutu da Hausa kai tsaye. Sabar da ake haya don irin wannan aikin galibi tana zuwa ne da salon haruffa kaɗan, wani lokacin ma babu ko ɗaya. Haruffanmu masu lanƙwasa ba sa cikin rukunin haruffan Latin na farko a tsarin Unicode: ƙ da ƴ suna wani rukuni, ɓ da ɗ kuma suna rukunin alamomin furuci. Shafin da ya fito tsaf a kwamfutarka zai iya fitowa a hoton saba da ƙananan akwatuna a gurbin kowace ƙ, ko kuma ɗ ta fito da wata siffa dabam, ta fi maƙwabtanta tsawo ko siranta, saboda burauzar ta aro ta daga wani salon. Haka alamar Naira, haka rubutun ajami. Sau da yawa mutum zai ɗora laifin a kan laburare ya canza wani, ya sake tarar da akwatunan nan suna jiransa. Maganin shi ne a girka salon haruffa mai faɗi a sabar, irin dangin Noto na Google, kuma a jira haruffan shafin su gama sauka kafin a ɗauka. Hotunan da shafi ba ya saukewa sai an gangaro kansu ma haka suke, sai an sa burauzar ta gangara ƙasa tukuna, in ba haka ba rabin hoton fari fat zai fito.

Idan kuwa allon kwamfutar ne gaba ɗaya ake so, ko tagar wata manhaja, nan ne maganar ƙofa ke da nauyi, kuma a Linux ta fi ɗaure kai. Tsohon tsarin zana tagogi na Linux, wato X11, wanda ya fito a 1987, an gina shi ne a lokacin da ake ɗaukar duk shirin da ke kan na'ura amintacce ne. Kowane shiri na iya neman hoton allon duka a ba shi, har da tagar bankinka da saƙonninka, ba tare da kai mai kwamfutar ka sani ba. Kamar gidan da ba shi da zaure ne, duk wanda ya shigo yana ganin tsakar gida da ƙofar kowane ɗaki. Wayland, magajin X11 wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008, zaure ya gina: kowane shiri tagarsa kaɗai yake gani, mai son ganin sauran kuma sai ya yi sallama ta wata hanya da ake kira xdg-desktop-portal, mai kwamfutar ya amince, sannan a miƙo hoton, ko a turo bidiyon ta PipeWire. Fedora ta koma Wayland a 2016, Ubuntu ta gwada a 2017 ta janye, ta dawo a 2021, kuma daga fitowar 25.10 teburin GNOME na Ubuntu ya daina zuwa da zaɓin X11. Ma'anar wannan ga mai zaɓe a fili take: laburaren da X11 kaɗai ya sani, a sabuwar Ubuntu ko dai ya faɗi da kuskure ko ya miƙo baƙin hoto, domin abin da yake iya gani bai wuce tsofaffin tagogin X11 da ke gudana cikin Wayland ta XWayland ba. Kuma Wayland ba abu ɗaya ba ne a aikace. GNOME da KDE da dangin Sway kowa da yadda yake karɓar roƙon. Ƙaramin shirin grim, alal misali, yana aiki a Sway amma ba ya aiki a GNOME.

Apple ta bi hanya makamanciyar wannan. Tun macOS Catalina a 2019 sai mai kwamfuta ya shiga saituna ya ba manhaja izinin ɗaukar allo. Abin da ke ruɗa sabon shiga shi ne yadda ƙin izinin ke bayyana: shirin zai gudana lafiya, fayil ɗin hoto zai fito, amma adon bango ne kawai a ciki, tagogin sauran manhajoji sun ɓace. Ga kuma wani abin: idan daga Terminal ka tayar da shirin Python, Terminal ɗin ake bai wa izinin, ranar da ka tayar da shi daga wata manhajar kuma sai a sake sabon lale. A 2022 Apple ta fito da ScreenCaptureKit, sannan ta fara janye tsofaffin umarnin da yawancin ire-iren laburaren nan suka dogara da su, har a Sequoia ta 2024 aka fara tunatar da mai kwamfuta lokaci-lokaci cewa ga manhajar da ke kallon allonsa. Duk laburaren da marubucinsa bai bi wannan sauyin ba, kwanakinsa a Mac ƙidayayyu ne.

Windows ta fi sassauci, amma ƙofofinta uku ne. Tsohuwar ita ce GDI, wadda Pillow da MSS ke bi; tana aiki kusan ko'ina, sai dai takan gaza a kan wasannin da suka mamaye allo gaba ɗaya. Ta biyu ita ce Desktop Duplication da ta zo da Windows 8 a 2012, wadda ke karɓo hoton daga katin zane kai tsaye. DXcam ta nan yake bi. Ta uku ita ce Windows.Graphics.Capture ta 2018, mai iya ɗaukar taga guda ko da wata ta rufe ta, wadda aka sani da zana rawayan layi kewaye da abin da ake ɗauka don mai kwamfuta ya sani.

Da wannan a zuciya, zaɓi tsakanin na Python ya zama mai sauƙi. Pillow, wanda Jeffrey Clark ya farfaɗo da shi a 2010 daga tsohon PIL na Fredrik Lundh, yana da sashen ImageGrab. Da fari Windows kaɗai ya sani, daga baya aka ƙara Mac, sai Linux a 2020. Idan hoto ɗaya ake so jefi-jefi, kuma dama za a yanke shi ko a rage girmansa, to Pillow ya isa, ba sai an ƙaro wani kaya ba. A Mac shirin screencapture na Apple yake kira, abin da ke rage masa sauri amma yake ɗauke masa wahalar bin sauye-sauyen Apple. PyAutoGUI na Al Sweigart aikinsa motsa linzami da danna maɓallai ne, hoto kuma yana ɗauka ne don ya nemo inda maɓalli yake a allo. Takardarsa da kanta ta ce hoto ɗaya na allon 1920 da 1080 kan ci kusan milisakan 100. Ga mai son shiri ya riƙa cike fom a madadinsa wannan ba komai ba ne, ga mai son bidiyo kuwa hotuna goma ke nan a daƙiƙa. Shi pyscreenshot marubucinsa ya rubuta da kansa cewa a yawancin lokuta ba a buƙatarsa yanzu tunda Pillow ya cike giɓin, sai dai har yau yana da rana a Wayland saboda yana gwada hanyoyi daban-daban har ɗaya ta yi.

MSS na Mickaël Schoentgen shi ne wanda na fi yawan nuna wa mutane idan aikin ya wuce hoto ɗaya. Ba ya jawo wani laburare tare da shi, yana magana da babbar manhaja kai tsaye, kuma tun asali an gina shi da tunanin mai allo fiye da ɗaya. Amma yana da halaye biyu da ke kama sabon hannu. Jerin allunansa yana farawa da lamba 0, wadda ke nufin duk allunan a haɗe wuri ɗaya. Allo na farko lamba 1 ne. Wanda bai lura ba, a kwamfutarsa mai allo ɗaya ba zai ga bambanci ba, sai ranar da aka jona majigi hoton ya zama doguwar shimfiɗa. Na biyu, launukan da yake miƙowa a jere suke shuɗi, kore, ja, alhali Pillow da yawancin kayan hoto ja, kore, shuɗi suke tsammani. Idan aka miƙa ɗanyen hoton ba a juya jerin ba, jar hula za ta fito shuɗiya, fuskokin mutane su koma kamar an shafa musu bula. Laburaren sarrafa hoto na OpenCV kuwa da shuɗi yake farawa, shi ya sa shi da MSS suke shiri ba tare da wahala ba. Raunin MSS shi ne a Linux kan X11 aka gina shi.

Ko da wane laburare aka ɗauka, akwai rikicin ma'auni. Allon Retina na Mac yana da ɗigo biyu a gurbin kowane ɗaya ta tsawo da ta faɗi, don haka allon da saituna suka ce 1440 da 900 ne zai ba da hoto mai 2880 da 1800. A Windows, idan an ƙara girman rubutu zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari kuma shirin bai sanar da cewa ya san da hakan ba, lambobin wurin da zai samu ba za su yi daidai da na hoton ba, ka nemi yanko maɓalli ka samu gefensa. Wannan kaɗai ya isa dalilin gwada shiri a kan kwamfutoci masu saituna daban-daban kafin a miƙa shi ga mai shi.

Batun sauri shi ne aka fi cika baki a kansa, kuma ɗan lissafi yana rage hayaniyar. Allon 1920 da 1080 ɗigo 2,073,600 ne. Kowane ɗigo bayit 4, wato kimanin megabayit 8.3 a hoto ɗaya. A hotuna 60 cikin daƙiƙa, kusan megabayit 500 ke nan ake kwashewa duk daƙiƙa, kuma kowane hoto yana da ƙasa da milisakan 17 a gama da shi. Allon 4K ya ninka wannan sau huɗu. A irin wannan nauyin sau da yawa matse hoton zuwa PNG da rubuta shi a faifai ne ke cin lokaci fiye da ɗaukar kanta, don haka sauya laburare ba zai motsa komai ba. Rage yankin da ake ɗauka ya fi kowace dabara tasiri. DXcam yana da sauri na gaske, amma Windows kaɗai ya sani, kuma yana da ɗabi'ar da ke tayar da hankalin wanda bai karanta takardarsa ba: idan babu abin da ya canza a allo tun ɗaukar baya, ba ya miƙo hoto, sai ya dawo hannu wofi, shirin da bai shirya wa haka ba kuma nan take zai faɗi. Ƙofar da yake bi ma tana da sharaɗi a kwamfutocin cinya masu katin zane biyu, inda take ƙin aiki idan an tayar da shirin a kan babban katin. Wanda kuma bidiyo yake so da gaske, ya bar tara hotuna ɗaya-ɗaya ya koma ga FFmpeg ko OBS Studio, waɗanda aka gina don wannan.

Tunda ƙofofin nan suna sauyawa, lafiyar laburare ta dogara ga ko akwai mai kula da shi. PhantomJS ya yi zamaninsa wajen ɗaukar hoton shafuka, amma da Chrome ya fara yin aikin da kansa, Ariya Hidayat ya sanar da dakatar da shi a 2018. An rufe ma'ajiyar wkhtmltopdf, mai ɗauke da wkhtmltoimage, a 2023. D3DShot, wanda ya riga DXcam a fagen, shi ma an jingine shi. Har yau za ka tarar da tsofaffin darussa suna koyar da su kamar ba abin da ya faru. Abin dubawa shi ne ranar fitowar ƙarshe, da yadda ake amsa ƙorafe-ƙorafen da suka ambaci Wayland ko sabuwar macOS, da yawan mutanen da ke da ikon sakin sabon gyara. Da yawa daga cikin waɗannan ayyukan mutum ɗaya ne ke riƙe da su a lokacin hutunsa, ba a biyansa ko sisi, kuma ba laifinsa ba ne idan ya gaji. Dabarar da ta fi araha ita ce a killace kiran laburaren a wuri ɗaya cikin kod, yadda ranar da za a canza shi fayil ɗaya za a taɓa.

Lasisi ba ya cika zama matsala a nan. MSS da html2canvas suna ƙarƙashin MIT, PyAutoGUI yana ƙarƙashin BSD, Selenium da Puppeteer da Playwright kuma Apache 2.0, dukkansu sun yarda a sa su cikin manhajar sayarwa. Inda ake tuntuɓe shi ne kwaso kod daga cikakkun manhajoji irin su ShareX da Flameshot da OBS Studio, waɗanda ke ƙarƙashin GPL: wanda ya cusa kod ɗinsu cikin nasa ya rarraba, wajibi ne ya buɗe nasa shi ma. Haka PyQt, wanda wasu ke ɗauka don ɗaukar allo ta Qt. Ko dai GPL ko a biya kuɗin lasisi, alhali PySide yana ƙarƙashin LGPL mai sassauci.

Akwai kuma baƙin hoton da ba kuskure ba ne, da gangan aka yi shi. A Android manhaja na iya sa wa tagarta alamar FLAG_SECURE, shi ya sa manhajojin banki da yawa ke ƙin ɗaukuwa ko su fito baƙi, ko da ta MediaProjection aka bi, wato hanyar da Android ta tanada tun 2014. Windows tana da makamancin wannan, kuma daga 2020 taga na iya neman a cire ta daga hoto gaba ɗaya. Bidiyon da ke da kariyar haƙƙin mallaka, irin na Netflix, shi ma baƙi yake fitowa. Bayan Microsoft ta sanar da Recall a 2024, tsarin da ke ɗaukar hoton allo a kai a kai don mai kwamfuta ya iya binciken abin da ya gani a baya, Signal ta kunna irin wannan kariyar a manhajarta ta Windows 11 a 2025 don kada saƙonnin mutane su shiga ciki. Pillow da MSS da DXcam da xcap duk abu ɗaya za su miƙo a kan irin waɗannan tagogi, kuma idan wanda ya ba da aikin yana buƙatar abin da ke cikinsu, sai dai a nema ta hanyar da mai manhajar ya tanada, kamar fitar da bayanan asusu a fayil.